'Yata na koyon harshen Noongar da abincin daji a firamare, in bar ta?

Wata baiwar Allah da ke zaune da iyalinta a birnin Perth na ƙasar Ostareliya ce ta aiko da tambayar. 'Yarta tana aji uku na firamare. Tun farkon shekara yarinyar ke dawowa gida da kalmomin wani harshe da ake kira Noongar, na 'yan asalin yankin, yanzu kuma makaranta ta aiko da takarda a sa hannu: za a fita da su daji, wani dattijo ya nuna musu tsirran da mutanensa ke ci, har su ɗanɗana. Tana son sanin amfanin wannan karatu ga yarinyar da ko Hausa ba ta gama zama a bakinta ba, ko akwai haɗari a cin kayan daji, da kuma ko abin ya taɓa addini.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana ita. Ki sa hannu. In ma kina da sarari ranar, ki nemi a sa ki cikin iyayen da za su yi rakiya, don makarantun can kan buƙaci 'yan rakiya a irin wannan fita. Sai dai ba kowane darasi da aka liƙa wa sunan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, ne yake da daraja ba. Abin da ke raba na gari da na jeka-na-yi-ka shi ne wa ke koyarwa, kuma ilimin wace ƙasa yake koyarwa. Zan zo kan wannan, amma bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya shiga makaranta tun farko.

Ba ra'ayin malamar ajinsu ba ne. Manhajar karatu ta ƙasa ta ɗauki tarihi da al'adun Aborijin da na mutanen tsibiran Torres a matsayin ɗaya daga cikin jigogi uku da ake so su ratsa dukkan darussa, daga kimiyya har lissafi. Sauran biyun su ne alaƙar ƙasar da nahiyar Asiya da kuma kula da muhalli. A 2015 aka fitar da tsari na musamman na koyar da harsunan 'yan asalin ƙasar. A jiharku ta Yammacin Ostareliya kuma, tun 2018 aka fara wajabta koyon wani harshe bayan Turanci daga aji uku, makaranta ce ke zaɓar wanne. Wasu sun ɗauki Italiyanci, wasu Jafananci ko harshen Indonisiya. Taku ta ɗauki harshen ƙasar da aka gina ta a kai.

Lokacin da jiragen Ingila suka sauka a Sidni a 1788, ana magana da harsuna sama da 250 a nahiyar, kowace al'umma da ƙasarta da iyakarta. Mutanen sun haura shekara 50,000 a wurin. Rahoton ƙasa na 2020 ya nuna harsuna 123 ne ake amfani da su har yanzu, ciki har da waɗanda ake fama a farfaɗo da su, kuma 12 kacal ne ke da ƙarfin da yara ke tasowa da su a matsayin harshen gida. Sauran ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba. A ƙasar Noongar, wato kusurwar kudu maso yammacin jihar da Perth ke ciki, Turawa sun kafa mulki a 1829. A 1834 gwamna James Stirling da kansa ya jagoranci harin Pinjarra inda aka karkashe mutane. Sai dokar 1905, wadda ta mayar da wani jami'in gwamnati waliyyin kowane yaron Aborijin da bai kai shekara 16 ba, ko da iyayensa na raye. Da wannan doka aka riƙa ɗauke yara ana kai su sansanoni irin su Moore River da Carrolup, inda magana da harshen uwa kan jawo hukunci. Daga 1927 zuwa 1954, ɗan Aborijin ba ya shiga tsakiyar birnin Perth sai da takardar izini. Sai a 1997 aka fitar da rahoton bincike kan yaran da aka raba da iyayensu, sai kuma ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi afuwa.

Ki duba shekarun nan da kyau, ba zamanin da can ba ne. Dattijon da zai tsaya gaban 'yarki, in ya haura saba'in, ba mamaki an taɓa dukansa yana yaro saboda harshen da yau gwamnati ke biyan kuɗi a koyar. Ken Wyatt, Ba-Noongar ɗin da ya zama ɗan Aborijin na farko a majalisar wakilai ta tarayya a 2010, daga baya ya zama ministan harkokin 'yan asalin ƙasa, malamin firamare ne a farkon aikinsa, kuma mahaifiyarsa na cikin yaran da aka ɗauke. Kada kuma ki ɗauka ƙasar ta gama sasantawa da kanta. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023, kusan kashi 60 cikin ɗari sun ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki. Za ki haɗu da iyaye a bakin makaranta da ke ganin darasin ɓata lokaci ne, wasu kuma na ganin ya yi kaɗan.

To, mene ne yarinyar za ta samu a harshen? Gaskiya ba za ta iya Noongar ba, kamar yadda yaran makarantar da ke kusa da ku ba za su iya Jafananci ba. Awa ɗaya ko biyu a mako ba ta sa yaro ya iya harshe, ko wane iri ne. Za ta samu gaisuwa, ƙirga, sunayen dabbobi da na dangi, waƙoƙin yara, da gajerun jimloli. Na tabbata kin riga kin ji "kaya" da "wanjoo", wato gaisuwa da maraba, ko "boodja", ƙasa, ko "moort", dangi. Amma akwai abin da Noongar ke ba yaron Perth wanda Jafananci ba zai ba shi ba: yana fita daga aji sai ya tarar da darasin a rubuce a allunan hanya. Joondalup, Karrinyup da sauran unguwanni da garuruwa masu ƙarewa da "up" sunayen Noongar ne. Kogin da ya ratsa birnin sunansa Derbarl Yerrigan, tsibirin da ake zuwa kallon dabbar kwoka sunansa Wadjemup. Yaron da ya san wannan suna na biyu, wata rana zai tambayi tarihinsa, ya ji cewa wurin shaƙatawar nan kurkuku ne da aka tsare dubban mazan Aborijin da yara maza tun daga 1838, kuma ɗaruruwa suna binne a can.

Su kuwa yaran Noongar da ke ajin, lamarin ya wuce haka. A ƙidayar 2016 mutanen da suka ce suna magana da Noongar a gida ba su kai 500 ba, a ta 2021 sun haura 1,500. Makaranta na cikin abubuwan da suka motsa wannan adadi. An ga irinsa a wasu wurare. A Adelaide, harshen Kaurna ya yi shekaru babu mai magana da shi bayan rasuwar tsohuwa Ivaritji a 1929. Daga rubuce-rubucen wasu 'yan mishan Jamusawa biyu, Teichelmann da Schürmann, waɗanda suka buga nahawu da kalmominsa a 1840, aka sake tada shi, kuma a makarantar Kaurna Plains aka fara koyar da shi a 1992. A garin Parkes na jihar New South Wales, yaran firamare, farare da baƙaƙe, suna koyon Wiradjuri, bisa aikin da dattijo Stan Grant babba ya yi tare da John Rudder na tattara ƙamus. Jihar ta New South Wales ce ta fara yin dokar kare harsunan Aborijin a 2017, sannan a 2022 aka buɗe makarantar da ke koyarwa da Gumbaynggirr da Turanci a Coffs Harbour.

Wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na mai nazarin manhajar firamare shi ne bambancin da ke tsakanin birni da ƙauyukan arewa. A yankin Arewa na Ostareliya, wato Northern Territory, inda har yau yara ke zuwa makaranta da Warlpiri ko Yolŋu a bakinsu ba Turanci ba, an fara koyarwa da harsuna biyu a 1973. A 2008 gwamnatin yankin ta ba da umarnin a yi awa huɗu na farkon kowace rana da Turanci zalla, abin da ya gurgunta shirin a makarantu da dama. Wato harshen da ya kusa ɓacewa ana lallaɓa shi a birni, wanda ke da rai kuma aka takura shi a inda yake. Wannan ba matsalar makarantar 'yarki ba ce, amma yana da kyau ki san hoton bai cika kyau kamar yadda takardun makaranta ke nunawa ba.

Batun Hausarta kuwa, ba Noongar ce kishiyarta ba, Turanci ne. Shi take ji awa shida a aji, da shi take wasa, shi ke cikin talabijin. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta cika don an ƙara mata harshe. Hausa za ta zauna ne in ke da maigidan kun dage da ita a gida, kuna mata magana da ita, kuna jiran amsa da ita, tana gaisawa da kakanni a waya. Na ma lura yaron da ya ga malami ya ɗauki harshen wasu tsiraru da muhimmanci a gaban aji, kunyar nasa harshen kan ragu.

Sai abinci, wanda a ganina nan ne naman darasin yake. Mutane kan ɗauka ɗanɗane-ɗanɗane ne kawai. In an koyar da shi yadda ya kamata, kimiyyar wuri ce, kuma da kalanda ake farawa. Turawa sun zo da yanayi huɗu na Turai suka ɗora wa ƙasar da ba ta san su ba. Noongar yanayi shida suke ƙirgawa, kuma ba kwanan wata ke shigo da su ba, alamu ne, kamar yadda manomin Hausa ke gane bazara ta ƙare daga iska da hadari ba daga takarda ba. Birak, wajen Disamba da Janairu, zafi ne da bushewa, lokacin da ake sa wa daji wuta kaɗan-kaɗan, yanki-yanki. Bunuru, Fabrairu da Maris, shi ne ƙololuwar zafi, mutane na bakin teku da bakin koguna suna kamun kifi. Djeran na kawo sanyin safiya da raɓa. Makuru, Yuni da Yuli, ruwa ne da ɗari, sai a bar gaɓar teku a shige ciki, a koma farautar kangaru, fatarsa kuma a yi mayafi. A Djilba itatuwa ke fitar da fure ruwan ɗorawa, tsuntsun koolbardi kuma ya fara kai wa mutane farmaki a ka don kare sheƙarsa, abin da kowane yaron Perth ya sani da jikinsa. Kambarang, Oktoba da Nuwamba, furanni ne ko'ina, macizai da ƙadangaru sun farka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ma ta sa wannan kalanda a shafinta. Yarinyar da aka ce ta riƙa duba wace bishiya ce ta yi fure a harabar makaranta, ta rubuta, ta kwatanta da watan jiya, ai kimiyya take yi.

A fitar da za su yi, kusan tabbas za a nuna musu balga, wani tsiro mai baƙin kututture da gashin ciyawa a ka. Daga jikinsa ake samun ƙaro, a narka shi a haɗa da gawayi da busasshen kashin kangaru, ya zama danƙon da ke riƙe dutse a jikin ƙota. Sandar furensa da ita ake murza wuta. In ya fara ruɓewa kuma, a cikinsa ake samun tsutsar bardi mai maiƙo. Za su ga furen banksiya da ake jiƙawa a ruwa a sha zaƙinsa, da jan ƙaron itacen marri da ake sa wa rauni, da quandong, ɗan itace ja mai tsami. Wataƙila a ba su labarin doyar warran da ake haƙa a arewacin Perth, wadda Baturen nan George Grey ya tarar da filayenta cike da ramukan haƙa a ƙarshen shekarun 1830. Irin wannan bayani ne ke rushe tsohon zancen cewa mutanen yawo kawai suke suna tsintar abin da suka gani. A jihar Victoria, al'ummar Gunditjmara sun gina magudanan dutse na kiwon wani kifi mai siffar maciji a Budj Bim tun shekara 6,600 da suka wuce, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 2019.

Tsoronki na guba yana kan hanya, domin dajin Ostareliya cike yake da abin da ke da kyan gani amma yana kisa. A dajin da ke kewaye da Perth akwai zamiya, tsiro mai kama da gajeren dabino, mai 'ya'ya jajaye masu ɗaukar ido. A Janairun 1697, matuƙan jirgin Holan ƙarƙashin Willem de Vlamingh sun ci su a kusa da kogin nan naku, suka yi ta amai kamar ransu zai fita. Noongar kuwa suna cin su lafiya, domin sukan jiƙa su a ruwa, su binne a rami na makonni, sannan su ci jan naman da ke bayan ƙwallon. Duk wadda ta san abin da ake yi wa rogo mai ɗaci kafin ya zama garin kwaki ta fahimci hikimar.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Burke da Wills, waɗanda suka bar Melbourne a 1860 don ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa. A kan hanyar dawowa guzuri ya ƙare musu a Cooper Creek. Mutanen Yandruwandha na wurin suka riƙa ba su kifi da wainar nardoo, ƙwayar wani ɗan tsiron fadama mai ganye huɗu. Burke, da girman kai, ya harba bindiga ya kore su. Suka koma tara nardoo da kansu suna niƙawa suna ci, ciki na cika amma jiki na ƙarewa, har su biyun suka mutu a ƙarshen Yunin 1861. Masana da yawa na ganin dalilin shi ne ƙwayar na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki, wanda sarrafawar masu ƙasar ke rage masa ƙarfi. Na ukunsu, John King, ya rayu ne saboda ya bi Yandruwandha suka riƙe shi har masu ceto suka iso. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Saboda haka duk dattijon da ya san aikinsa, kalmarsa ta farko ga yara ita ce kada a tsinki komai a sa a baki sai babba masani ya miƙa. Ki maimaita mata wannan a gida, kafin fitar da kuma bayanta, domin haɗarin ba a ranar yake ba. Yana ranar Asabar ɗin da za ku je shan iska, ta ga wani jan ɗan itace ta ce ai an nuna musu. Tsinkar tsirrai a gandun gwamnati da wurare irin su Kings Park ma doka ta hana. Abin da za a ba su su ɗanɗana yawanci an shirya shi tun daga gida ko an saya: burodi mai garin ƙwayar akeshiya (wani itace dangin bagaruwa), miyar quandong mai zaƙi, shayin ganye. In jikinta ba ya karɓar gyaɗa ko danginta, ki rubuta a takardar, saboda makadamiya, wata ƙwaya mai maiƙo da ake ci kamar gyaɗa, 'yar asalin ƙasar ce kuma tana yawan shiga irin wannan abinci.

Kan halal, tsirrai ba su da matsala. Nama ne abin dubawa. Akan gasa tsiren kangaru ko na emu, wani babban tsuntsu mai kama da jimina, a irin wannan taro, kuma kangarun da ake sayarwa a kasuwa harbinsa ake yi a daji, ba yanka ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukuncin wannan da na tsutsa ki kai wa malaminku. Abin da ke hannunki shi ne ki rubuta cewa ba ta cin nama sai na halal. Makarantun can sun saba da wannan, ba wanda zai ga baƙonki.

Batun aƙida ya fi buƙatar natsuwa. Za ta ji labarin Waugal, babban macijin da Noongar ke cewa shi ya tsaga koguna da tafkunan yankin. A wajen masu shi wannan ba tatsuniya ba ce, imani ne da doka, don haka ki hana ta yi masa dariya. Amma a makarantar gwamnati ana koyar da shi ne a matsayin abin da Noongar suka yi imani da shi, ba a ce wa yaro ya gaskata. Yarinya 'yar shekara takwas tana iya riƙe wannan bambanci in kin zaunar da ita: ga abin da suka ce, ga abin da mu muka yi imani da shi, kuma ba a wulaƙanta mutum a kan nasa. Kalaman da ake karantawa a taron safe, na amincewa cewa makarantar na kan ƙasar Whadjuk, wato Noongar ɗin yankin Perth, tare da girmama dattawansu, magana ce ta tarihi da ladabi. Inda wasu iyaye Musulmi da Kirista kan tsaya shi ne bikin hayaƙi, inda ake ƙona ɗanyen ganye mutane su ratsa ta cikin hayaƙin don tsarkakewa, domin shi yana da ma'ana ta ruhi a wajen masu yinsa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki gaya wa malamar tun kafin ranar cewa yarinyar za ta tsaya gefe ta kalla cikin ladabi. Ki faɗa da wuri kuma a keɓe, kada ya zama a gaban dattijon ne za a janye ta.

Ki kuma gaya mata cewa Musulmi ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Tun kafin Ingila ta kafa mulki, masunta daga Makassar ta Indonisiya ke zuwa gaɓar arewa kowace shekara neman wata dabbar teku da 'yan Sin ke saye, suna ciniki da Yolŋu, har zuwa 1907, kuma sun bar kalmomi a harsunan yankin. Daga shekarun 1860 kuma masu raƙuma daga Afganistan da yankin da yau yake Pakistan suka riƙa dakon kaya a hamada, da yawansu suka auri matan Aborijin, zuriyarsu na nan. Su da 'yan kasuwarsu ne suka tara kuɗin gina masallacin Perth na titin William a 1905.

Yanzu ga yadda za ki gane ko makarantar da gaske take. Ki tambaya cikin fara'a: wa ke koyar da harshen, kuma dattawan yankin sun amince? Ƙa'idar da aka yarda da ita a can ita ce harshe mallakar al'ummarsa ne, ba a koyar da shi sai da izininsu, kuma an fi so ɗan cikinsu ya koyar. Ma'aikatar ilimi ta jiharku tana da shirin horar da 'yan Aborijin su zama malaman harsunansu, sai dai masu koyarwar ba su kai yawan makarantun da ke nema ba, shi ya sa wani lokaci shiri kan mutu da zarar malama ɗaya ta bar aiki. Ki tambaya ko biyan dattijon ake yi, don an daɗe ana kiran tsofaffin nan su zo su ba da ilimin shekara saba'in a sallame su da kofin shayi.

Sai ki duba abin da take kawowa gida. In duk abin da aka yi a shekara shi ne mako guda a watan Yuli, lokacin bikin NAIDOC na tunawa da tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasar, aka ba yara auduga da fenti su ɗiɗɗiga zane, aka busa musu doguwar sarewar itace ta Aborijin da ake kira didgeridoo, aka ba su biskit mai ƙamshin lemun tsami, to an yi musu haɗin gambiza ne. Zanen ɗigo-ɗigo na mutanen hamadar tsakiya ne. A Papunya ya fito fili a 1971, lokacin da wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa suka yi zane a bangon makarantar, kuma alamomin cikinsa na da masu su. Sarewar daga arewa take, wajen Arnhem Land, fiye da kilomita 2,500 daga Perth, kuma a al'ummomi da dama mata ba sa busa ta. Ganyen mai ƙamshin lemun tsami ɗan dazuzzukan Queensland ne, a ɗaya gefen nahiyar. Ba laifi yaro ya san su, amma a gaya masa na wane ne. Makarantar da ke fitar da yara su ga balga a bayan katangarta tare da mutumin da kakanninsa suka rayu a wurin ta fi waccan nesa ba kusa ba, kuma bisa abin da kika bayyana, taku ta kama wannan hanya.

In yarinyar ta dawo tana roƙon a sayi kayan a gwada a gida, ki duba wa ke sayarwa. Kasuwar abincin daji ta bunƙasa, amma kaso kaɗan ne na ribar ke komawa ga masu ilimin. Makadamiya a Hawaii aka fara mayar da ita babbar sana'a, ba a ƙasarta ba. Gubinge, wani ɗan itace kore na yankin Kimberley da Kakadu wanda ke cikin 'ya'yan itacen da suka fi kowanne bitamin C a duniya, har wani kamfanin kayan kwalliya na Amurka, Mary Kay, ya taɓa neman rajistar mallakar fasahar amfani da shi, kafin ya janye buƙatar a Ostareliya bayan an yi ca a kansa. Akwai ƙananan kamfanoni na 'yan Aborijin da ke sayar da waɗannan kaya, su za ki nema.

Garin akeshiyar da za a sa musu a burodi kuwa ya taɓa zuwa ƙasar Hausa. An kawo irin akeshiyar Ostareliya yankin Sahel don kare iska da samar da itacen girki, aka ga suna jure fari. A Maradi ta Jamhuriyar Nijar, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliyar da ya yi shekaru yana aikin farfaɗo da itatuwa a gonaki tare da ƙungiyar mishan ta SIM, da masu bincike na hukumar kimiyya ta ƙasarsu, suka waiwayi abin da matan Aborijin na hamada suka daɗe da sani, cewa ƙwayar wasu daga cikin itatuwan abinci ce. Wadda aka fi gwadawa ita ce Acacia colei. Tana ba da 'ya'ya a cikin rani, lokacin da gona ba ta da komai, ƙwayar na daɗewa a ajiye ba ta lalace ba, kuma sinadarin gina jiki a cikinta ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari. Matan ƙauyukan da ke kewaye da Maradi suka riƙa niƙa ta suna tankaɗe ɓawon, suna haɗa garin da na gero ko dawa a tuwo da sauran girke-girke, wasu kuma su soya ta su yi abin sha mai kama da kofi. Shawarar masu binciken ita ce kada garin akeshiyar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za a tuƙa.